Mafici a Bakin Gora

A tsibirinmu na Lifuka babu masuncin da ya kai Sitaleki cika baki, kuma babu wanda ya kai shi cika ciki. To, da aka dawo da ƙanwarsa Lesieli daga asibiti da sankarar mama, likitoci sun ce sai dai addu'a, sai ya ja kwalekwalensa tudu ya kife.

A wurinmu namiji ba ya shiga ɗakin kwanan 'yar'uwarsa. Wanka da sauya zane aikin matan cocinmu ne. Shi kuwa sai ya kafa kujera a ƙarƙashin tagarta, ya ɗaura mafici a bakin doguwar gora, ya zura ta ciki. Daga hantsi har faɗuwar rana yana yi mata fifita, fuskarsa na kallon teku. Wani lokacin ma bango yake yi wa fifitar bai sani ba.

Ina maƙwabtaka da su, a kan idona wannan ƙaton ya fara zubewa. Na kai masa gasasshen gwaza, ya ce ya ƙoshi. Fasto ya yi magana, a banza. Muka fara tsoron kada gawa ta zama biyu.

Wata safiya na ji muryarta ta taga, siririya.

"Sitaleki, kifi nake sha'awa. Jan nan na bayan tsibirin can."

"Bari in aika a sayo."

"Na hannunka nake so, tsoho. Ko an daina iyawa ne?"

"Wa zai riƙe gorar?"

"Bango zai yi haƙuri yau."

Maganar 'yar'uwa ba a mayar da ita, ko da a bayanka aka goye ta. Ya miƙa mini gorar kamar mai ba da jinjiri, ya tafi.

Da yamma ya dawo, gishiri ya bushe masa a gemu, yana yi wa kowa ƙaryar wani ƙaton kifi da ya kuɓuce. Aka dafa wanda ya samu da madarar kwakwa. Lesieli, wadda ruwa ma da ƙyar yake wuce mata, ta shaƙi ƙamshin kawai.

"Ya yi. Ku miƙa masa. Ka ci a nan, in ji taunarka."

Ya zauna a ƙarƙashin tagar yana ci, hawaye na ɗiga cikin romon. Na ci gaba da kaɗa gorar, wadda ashe nauyi ne da ita.