Idon Likita da Shuɗin Haske

Haihuwa da Karatu

An haifi marigayiya Likita a shekarar 1961, a gidan haya da ke bayan tashar mota. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta ungozoma. Ta kammala karatun likitancin haƙori a 1986, tana da kaifin ido da taurin kan da malamanta suka daɗe suna ambato.

Aure da Aiki

A 1989 ta auri wani malamin lissafi. A asibitin koyarwa ta lura cikon haƙoran wasu marasa lafiya yana faɗuwa cikin 'yan watanni, alhali da fitila ɗaya ake haska wa kowa. Zarginta ya sauka kan gam ɗin da ake shafawa kafin ciko, wanda ba ya daskarewa sai da shuɗin haske.

Daga 1994 ta duƙufa kan haɗinsa a wani ɗan ɗaki kusa da sito. Ta ga idan ruwan narkarwa ya yi yawa gam yakan zauna ɗanye, idan garin ƙarfafawa ya yi yawa yakan tare hasken. Sinadarin da ke karɓar hasken a cikin gam ɗin launinsa rawaya ne, yana dusashewa yayin daskarewa, kuma tabaran kariya da take sakawa yana ɓoye wannan sauyi. Sai ta riƙa ɗage shi zuwa goshi tana kallo da tsirarar ido.

"Haƙori talatin da biyu ne, ido kuwa biyu kacal," in ji mijinta.

"To, Malam, ka ci gaba da lissafinka," ta ce.

Shekarun Ƙarshe

A 2008 asibitin ya karɓi ƙa'idarta ta daidaita tsawon haskawa da irin gam, ƙorafin faɗuwar ciko ya ragu ƙwarai. A 2011 tsakiyar ganinta ta fara duhu. Likitocin ido ba su tabbatar fitilar ce sanadi ba. Mijinta kam ya tabbatar, kuma bai taɓa yi mata gori ba. Da ganin ya ƙara raguwa ta ajiye aiki a 2015, abin da ya yi mata ciwo matuƙa, ba ta kuma ɓoye ba.

Rasuwa

Allah ya yi mata rasuwa a 2022 bayan gajeriyar jinya, aka binne ta kusa da mahaifinta. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: babbansu injiniya ne, mai bi masa malamar makaranta, auta likitar haƙori. Ta bar jikoki shida, huɗu daga cikinsu da tafin hannu kawai ta san fuskokinsu.