Tuwon dubiya ya ɓata mana gwajin Baba

Likita ya fito yana cire safar hannu, ya dube ni ya ce, "Hajiya, wa ya ba tsohon nan abinci?"

Mahaifina ya haura tamanin da biyar. Jini yake gani a bayan gida, ga rama, shi ne aka ce a zura masa kyamara a hanji a duba ko cutar kansa ce. Sharaɗin kawai, cikin ya zama fes: ba abinci, sai ruwa da maganin wankin ciki. Jiya haka ya yini hanyar banɗaki, ina riƙe da shi.

Ashe da na fita sayo magani, Mama Rifkatu maƙwabciyarmu a Lugbe ta shigo dubiya da kular tuwon dawa da miyar kuɓewa.

A mota, muna dawowa daga asibiti, na ce, "Baba, me ya sa ka ci?"

Ya ce, "Matar nan da ciwon gwiwa ta tuƙa shi, ta zauna tana kallona. In ce mata me? Za a leƙa cikina gobe?"

Likita bai ga komai ba sai tuwo. Ya ce a shekarun Baba wankin cikin ma haɗari ne, sai ƙarfinsa ya dawo a sake. Har yanzu ba mu san me ke cinsa ba.

Da muka iso gida, ga wata kular a bakin ƙofa.

Jama'a, ku da kuke jinyar tsofaffi, yaya kuke yi da masu dubiya ba tare da an ɓata zumunci ba?