Jan Irin Da Na Sa Garinmu Ya Shuka

Lokacin da abin nan ya faru ban wuce shekara ashirin da biyar ba. Ina zaune a wani ɗan ƙauye tsakanin Buza da Karofane, irin ƙauyukanmu na Adar da dutse ya fi ƙasar noma yawa. Na yi shekara huɗu wajen karatu a kudu, na dawo da gafaka da rawani, mutane suka ɗora mini sunan malam tun ban sauke kaya ba. Gaskiyar magana, iyakar abin da na iya shi ne karanta Alƙur'ani da irin rubutunmu na hannu, mai kauri, mai wasali, sai 'yan addu'o'in suna da na jana'iza. Larabci kam ban san shi ba. To amma limaminmu ya tsufa, idonsa ya tafi, babu mai riƙe takarda a garin sai ni, ni kuwa na ji daɗin haka fiye da kima.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau, kwanakin baya a mujallarku kun yi bayanin wani littafi da ya tattara labaran 'yan damfara da irin ruɗanin da ya sha kama jama'a a ƙasashe tun zamanin da. Na bi bayanin sannu a hankali da ɗan bokon da na koya da tsufana, na gama raina a ɓace. A duk labaran mutum iri biyu ake nunawa, macuci da waɗanda aka mayar wawaye. Ba a maganar na uku, ɗan gari da ke tsayawa tsakani, wanda saboda fuskarsa aka yarda da baƙo. Ni na taɓa zama wannan na ukun, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Shekarun nan ne da fara ta yi ta dawo mana, kafin babban yaƙin nasara, wato na Turawa. Ta cinye mana gonaki, muka sha yunwar da ba na son tunawa, ga kuma gardawan kumandan, dogaran baturen mulki, suna zuwa ɗibar maza aikin hanya. Da rani ya yi nisa rumbuna sun zama wayam. Abu ɗaya ne kowane gida ya hana kansa taɓawa, shi ne iri. Tun kaka ake zaɓen zangarniyar da ta fi cika a ware, ko yaro na kukan yunwa ba a sussuka ta. Duk ran garin yana cikin 'yan tiyoyin hatsin nan, kuma kowa na kwana da tsoron kada ya shuka fara ta sake zuwa.

A cikin wannan hali baƙon ya iso, ran kasuwar Tabotaki da la'asar, da raƙuma biyu. Dattijo ne mai tsabta, mai sanyin murya, ba ya kallon mutum cikin ido. Maigari ya ce a sauke shi gidana tunda gidan malam ne. Da muka ci ɗan abin da ya samu, sai ya fito da wata takarda daga cikin kube na fata, ya sumbace ta, ya miƙo mini da hannu biyu. Bugun inji ce, baƙaƙen sirara ƙanana, babu wasali ko ɗaya, an kewaye ta da zane mai kyau. Ban taɓa ganin irinta ba. Na ƙura mata ido, na tsinci harafi nan, harafi can, amma ko kalma uku ban haɗa ba.

Bai tambaye ni ko na gane ba. Ya ce shi jahili ne, ɗan aike kawai, kuma ya san mai ilimi kamata ba sai an gaya masa abin da ke ciki ba. Daga nan sai ya shiga gaya mini, wai yana maimaita abin da malaman gabas suka karanta masa. Wai fara za ta dawo bana fiye da bara. Wai an aiko da wani jan iri mai albarka wanda fara ba ta ci, yana nuna cikin kwana arba'in, ƙwaya ɗaya tana isar rami. Ba a sayar da shi, sai dai musanya, tiya uku ta irin gida a karɓi ɗaya. Sharaɗi guda ne, kada wanda ya gwada shi kafin shuka, don gwaji shakka ce, kuma mutum ɗaya in ya yi, albarkar ta tashi daga garin gaba ɗaya. Ina ta gyaɗa kai ina bin layi da yatsa kamar ina tabbatarwa. Kalma huɗu ce za ta fid da ni, in ce ban iya karantawa ba. Girman kai ya hana.

Washegari bayan azahar aka taru ƙofar masallaci. Baƙon ya koma gefe ya sunkuyar da kai. Maigari ya dube ni ya ce, "Malam, kai munka sani. Mi takarda tac ce?"

Na miƙe na buɗe ta, na zuba musu duk abin da aka zuba mini jiya, har da ƙari, da irin muryar da nake ja in ina karatu. Ku lura da wayon mutumin nan. Har ya bar garin babu ƙarya ɗaya da ta fito daga bakinsa a gaban jama'a, duk daga nawa ta fito. Kafin rana ta faɗi mata sun fara sussuka. Cikin kwana biyu raƙumansa suka tashi da kyar saboda nauyi, mu kuma aka bar mu da ɗan jan hatsi a ƙorai, muna ɗauke da shi kamar jariri. Abin da har yau ke ƙona mini rai, ba wanda ya tambaya me mai irin albarka zai yi da namu irin marar albarka.

Mutum ɗaya ce ta ƙi, gwaggona, yayar mahaifina. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, tana zaune ita kaɗai a ɗan sashenta bayan gidanmu. Mace ce mai tsawo, mai kaifin baki, ba ta karɓar magana sai ta juya ta ta ga bayanta. Ita ce ta fi kowa iya ajiyar iri a garin. Takan gauraya shi da toka ta ɗura a tulu, ta liƙe bakin da laka. Kuma kowace shekara kafin ruwa takan ɗebi 'yan ƙwayoyi ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma ta sa gindin randa, in sun tsira cikin kwana uku ta san irin na da rai. Haka iyayenmu mata duka suke yi tun kaka da kakanni. Takardar da na yi ƙaryar karantawa wannan al'adar ce ta zo ta hana, kuma ko a jikina ban ji ba.

Bayan kwana huɗu da tafiyar baƙon ta kira ni da hantsi. Ashe ta ɗebi kaɗan daga ƙwaryar matata. Ta buɗe tsumma biyu ta shimfiɗa a gabana. Na farko irinta ne, duk ya fid da fararen saiwoyi. Na biyu jan irin ne, ya kumbura ya fara wari, jan ya zube ya rine tsumman, hatsin ya koma toka-toka da hujin ƙwari a jikinsa. Karan dafi ne, wanda dukawa ke rina fata da shi, aka shafe tsohon hatsin gindin rumbu.

Ta ce, "Ɗana, ni ban san baƙi ba, amma na san hatsi. Wanga ya mutu tun bara waccan. Tahi ka hwaɗa ma mutane tun raƙuman ga ba su yi nisa ba."

A nan ne laifina na gaske yake. Na farko ana iya cewa an ruɗe ni. Wannan kuwa da idona na gani, na kuma san gaskiya ta faɗa. Raƙumi mai kaya ba ya sauri, da an hau dawaki ran nan da wataƙila an cim masa. Amma abin da ya fara zo mini shi ne ƙofar masallaci, da ni tsaye ina cewa ban iya karatu ba. Sai na hau ta da faɗa. Na ce ta karya sharaɗi, na ce ita ta kashe shi da shakkarta, na ce ta rufa wa kanta asiri ta yi shiru. Ta dube ni tsawon lokaci, ta naɗe tsummanta. Na fita ina lallashin kaina wai ƙila a ƙasa zai tsira.

Ruwan shuka ya sauka bayan kwana goma sha wani abu. Gari ya fita da murna, maza na sara da sungumi, mata na jefa ƙwaya ɗaya ɗaya suna rufewa da diddige. Kwana uku, kwana biyar, kwana bakwai, gonaki ƙasa tsirara sai ciyawa. Gonar gwaggo kaɗai ta yi kore. Na zaci yanzu mutane za su gane an cuce su. Ina! Wanda ya ba da abincin 'ya'yansa da hannunsa ba ya son jin cewa wauta ya yi, ya fi son a nuna masa mai laifi. Aka shiga tambayar wa ya gwada irin. Matata ta san an taɓa ƙwaryarta, ta faɗa wa wata a bakin rijiya, kafin azahar gari ya ɗauka.

Suka zo suka cika ƙofar gidanmu. Wani dattijo ya tambaye ni a gaban kowa ko gaskiya ne takarda ta ce gwajin mutum ɗaya na lalata na kowa. Gwaggo na tsaye bakin danga tana kallona. Na ce haka takarda ta ce. Daga ranar mata suka daina gaishe ta, aka daina aika mata ƙwaryar suna, wasu har suna cewa da gangan ta yi don gonarta ta fi ta kowa. Ba wanda ya kai ƙara barikin Madawa, don kowa na tsoron a jawo gardawa gari, kuma a ganinsu ai baƙon ba shi da laifi.

Duk da haka, da ruwa na biyu ya zo, ta fasa bakin sauran tulunanta biyu, ta zauna ƙofar sashenta tana auna wa kowane gida da ɗan ludayi. Suka zo suka karɓa suna kau da kai, wasu ma cewa suke ai biyan ɓarnarta take yi. Ni na zo ƙarshe. Ta zuba mini nawa a haɓar riga, ta ce, "Riƙa, malam. Wanga ba shi da takarda."

Shukar ta yi latti, irin kuma bai kai ko'ina ba. Fara ba ta zo ba a shekarar, ruwa ya yi kyau, garuruwan da ke kewaye da mu suka cika rumbuna, mu muka tashi da abin da bai kai mu tsakiyar rani ba. Gidaje da dama suka kwashe suka yi kudu. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, yana cikinsu da matarsa da 'ya'yansa, ban sake sa shi a ido ba. Daga baya muka ji an yi irin wannan a wani ƙauye wajen Galma, da wani can gefen Keita, kuma ko'ina sai da aka sami wani mai rabin karatu irina ya miƙe ya karanta.

Takardar tana hannuna, don baƙon ya bar mini ita wai tukuici. Bayan shekaru na kai ta wurin wani Balarabe mai kanti a Madawa, na ce tsinta na yi. Ya duba ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce takardar da ake sakawa cikin akwatin ganyen shayi ce, tana yabon ganyen tana bayanin yadda ake dafa shi. Na dawo gida da niyyar in tara mutane in faɗa. Na ce sai bayan kaka. Kaka ta wuce na ce sai bayan salla. A lokacin an riga an ba ni limanci, kullum abin da zan rasa ƙaruwa yake. Ina cikin wannan jan ƙafa gwaggo ta kwanta ciwon kwana uku ta rasu. Ni na yi mata salla, sahu biyu bai cika ba.

Abin da na koya, macuci shi kaɗai ba ya iya cin gari. Sai ya sami wanda ake jin maganarsa kuma yake jin kunyar cewa bai sani ba. Don haka ina roƙon duk wanda mutane ke miƙa wa takarda, malami ne, ɗan lakwal mai karatun boko ne, ma'aikaci ne, in ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba, kunyar ta yini ɗaya ce. Ku kuma jama'a, duk wanda ya kawo muku abu ya ce sharaɗinsa kada a gwada, kada a tambaya, to ku gwada shi tun yana tsaye. In kuma wani a cikinku ya gwada ya zo muku da abin da ba ku so ji ba, kada ku huce a kansa.

Waɗanda suka shuka jan irin nan kusan duk sun mutu, amma maganar ba ta mutu ba. Har yau a garinmu in yarinya ta cika bincike da tambaya, sai a kira ta da sunan gwaggona, a ce ta yi hankali kada ta kashe wa mutane iri. Jiya na ji jikata tana faɗa wa 'yarta haka a tsakar gidana. Akwai masu karanta mujallar nan a garin, kuma ko ban faɗi suna ba za su gane. To ku ji, ba ta kashe irin kowa ba. Hatsin da kuke ci yau jikan na tulunta ne. Ni ne ban iya karatu ba.