Inna Mai Bokiti Ba Ta Samu Lamba Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Inna Mai Bokiti a asibitin da ta shekara goma sha tara tana goge masa daɓe. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, wannan ba ni da ja a kansa. Abin da ya tsaya min a maƙogwaro shi ne yadda kika tafi, Inna.

Ni ne mai raba lamba a tagar ganin likita. Kullum ƙarfe bakwai nake buɗe taga in raba kati arba'in, wanda bai samu ba sai gobe. Ke kuma ƙa'idar aikinki, daga shida zuwa tara kina goge zauren da masu layin suke jira. Kafin ki matse tsummanki na ƙarshe, lambobi sun ƙare.

Ba ki iya karatu ba, amma babu ƙofar da ba ki sani ba a asibitin nan. Tsoho nawa kika riƙe wa hannu har ɗakin gwajin jini? Da kofinki kike ba masu jira ruwa. Ni ma ban tsira ba, kullum sai kin zunguro min ƙafa da sandar goge daɓe kin ce, "Ɗaga min, ɗan nan, ko in haɗa da kai in goge."

Tun bara kike kukan ciwon kai, ƙafafunki suna kumbura. Kin hau bene wurin likitan ma'aikata, aka ce ba kya cikin ma'aikata, kamfanin 'yan kwangilar shara ne ya kawo ki. Benen da kike gogewa kullum! Sau ɗaya na ɓoye miki lamba ta goma sha biyu. Ina kallo kika miƙa ta ga wata mata mai goyon jariri yana numfashi da ƙyar. Na yi miki faɗa, kika ce, "Ni ai gida nake, gobe ma ina nan. Ita daga nesa ta taso." Na ji haushi, ban sake ɓoye miki ba. Wannan laifina ne, kuma ba zan daina jin sa ba.

Amma ba laifina kaɗai ba ne. An rubuta a takarda cewa hawan jini ne ya kashe ki. Shugaban asibitin nan ma hawan jini gare shi, kowace safiya har ofis ake bin sa a auna shi, a ɗakin da kika gama gogewa. Ciwo iri ɗaya, gini ɗaya. Masu cewa kwana ne ya ƙare sun faɗi gaskiya, sai dai ƙa'idar da ta hana mai shara ganin likita ba daga sama ta sauko ba. Mutum ne ya zauna ya rubuta ta, kuma zalunci ce.

Ranar Talatar nan, ina miƙa kati na ji ƙarar bokiti ya kife. Mutum huɗu suka kinkime ki da gudu zuwa ɗakin likita, babu wanda ya tambayi lamba, babu wanda ya tambayi kamfani. Ashe ana iya buɗe ƙofar.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke kamar yadda kika shayar da bayinSa. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarki da jikokinki uku, Allah Ya ba su haƙurin rashinki. Ina miƙa ta kuma ga abokan aikinki mata shida da kika bari. Har yau daga shida zuwa tara suke goge daɓe, ni kuma ƙarfe bakwai nake buɗe taga.