Kwanon Masa na Biyu

A gidanmu na unguwar Tishigu ba kullum ake tatsuniya ba, sai ranar dafa kalwa. Kakata ta wajen uba, Kaka Lariba, daddawa take yi ta sayarwa, kuma duk wanda ya taɓa dafa kalwa ya san ba ta laushi da wuri. Tun da hantsi ake ɗora babbar tukunya a murhun tsakar gida, a yi ta tura itace har a yi magariba ba ta nuna ba. Dole wani ya yi gadin wutar, Kaka kuwa ba ta son zama ita kaɗai, shi ya sa take sayen mu da labari. Mu jikoki da 'ya'yan 'yan haya sai mu baje a tabarma, hayaƙi yana shiga mana ido, warin kalwa yana kama mana riga, washegari a makaranta a yi ta yi mana tsiya. Ko a jikinmu.

Tana da yadda take buɗe labarinta. Sai ta ƙwanƙwasa bakin tukunya da muciya ta ce, "Gafara, ga baƙuwa a ƙofa." Mu kuma mu amsa, "Ta shigo." In amsar ba ta yi ƙarfi ba sai ta ce baƙuwar ta yi fushi ta wuce unguwar Gumbihini, mu yi ta magiya. In labari ya ƙare takan ce baƙuwa ta ɗauki takalmanta, kowa ya nemi makwancinsa.

Sunana Memuna. Mahaifina, Abdulai, shi ne babban ɗan Kaka, kuma soja ne. Ina ƙaramar 'yar firamare aka tura su Laberiya tare da sojojin ƙasashen maƙwabta, wai su raba faɗan da 'yan ƙasar suke yi da junansu. Sau ɗaya ya zo hutu. Abin da na riƙe daga wannan zuwan kaɗan ne. Ya rame, ya kawo mini jan takalmin roba, kuma wata yamma ta dafa kalwa ya kore mu duka daga tsakar gida, ya zauna shi da Kaka suna magana ƙasa-ƙasa. Na ji haushinsa ƙwarai don ya cinye mana tatsuniyar ranar. Bayan komawarsa ba da daɗewa ba sojoji biyu suka zo da hula a hannu, suka ce kwalekwalen da yake ciki ya kife a wani kogi ana musayar wuta. An tsamo wasu, shi ba a gan shi ba.

A wajenmu ko babu gawa ana yi wa mamaci adu'a. A tara malamai, a yi karatu, a toya masa a raba sadaka, daga nan kowa ya san mutum ya tafi. Kaka ta ce ba za a yi ba tukuna, kuma ba ta faɗi dalili ba. Dangin mahaifiyata suka ce 'yarsu ba za ta shiga takaba ba sai gidan miji sun yarda ya mutu. Damina ta zo ta wuce mahaifiyata tana zaune a ɗaki, ita ba matar aure ba, ita ba mai takaba ba. Ni kuma in aka tambaye ni ina babana, sai in sunkuyar da kai. Mutanen unguwa sun ɗauka tsohuwa tana jiran ɗanta ya dawo da rai ne, suna tausaya mata a bayan idonta.

A wannan tsakanin ne gardama kan yaƙin Laberiya ta samu wurin zama a bakin murhunmu. Masu yin ta su biyu ne. Akwai Baba Inusa, ƙanen mahaifina, wanda muke kira Baba Ƙarami, mai gyaran kekuna a bakin titi. Akwai kuma Ticha Kofi, Kirista daga kudu, wanda yake haya a ɗakin kusa da zaure. Da an gama labaran rediyo na yamma sai su jawo kujeru su fara.

Abin dariya a ciki shi ne yadda suka yi musayar hali. Baba Ƙarami, wanda bai taɓa tsayawa ɗan sanda ya duba masa takardar babur ba, shi ne ya zama mai kare doka. Ya ce ba a shiga ƙasar mutane da bindiga don kawai an ji ihu. Ya ce ɓangare ɗaya ne ya kira sojojinmu, ɗayan ya ce duk wanda ya sauka zai harbe shi, kuma ba a jira izinin taron ƙasashen duniya ba, sai da aka shiga aka koma neman a sa albarka. Wanda ya je rabon faɗa ya ɗauki gefe, in ji shi, ya zama mai faɗa na uku. Ticha kuwa, wanda yake zane mu in mun makara ko da kaɗan, shi ne yake cewa doka ta jira. Ƙanwarsa tana can lokacin da abin ya ɓarke, ta ɓuya a wani coci tana cin ganye, sojojin nan ne suka fito da ita suka sa ta a jirgin ruwa. Ya ce da an tsaya jiran sa hannu, da yanzu ko ƙashinta ba a san inda yake ba.

Kowannensu yana son a yi adu'ar, amma da sharaɗinsa. Ticha yana son a tashi a gaban jama'a a ce Abdulai ya mutu a kan hanyar ceton rai. Baba Ƙarami ya rantse duk wanda ya faɗi haka zai katse shi, don a ganinsa jefar da ɗan'uwansa aka yi a yaƙin da ba shi da tushe. Yanzu na gane fushinsa kuka ne da ya rasa hanyar fita. A lokacin kuwa ina zaune a bayan Kaka ina sauraro da tsoro, don abu ɗaya nake son ji daga bakinsu, ko babana mutumin kirki ne ko ba shi ba ne. Kaka ba ta taɓa sa baki ba, amma na lura in sun fara takan daina juya tukunya.

Wata yamma gardamar ta yi zafi har Baba Ƙarami ya miƙe tsaye. Sai muka ji muciya a bakin tukunya. Kaka ta ce baƙuwar yau ba ta yara kaɗai ba ce, manya ma su amsa. Suka amsa da kunya, suka koma suka zauna.

Ta ce an yi wani gari da yake da doka ɗaya wadda ta fi kowace ƙarfi, ba a shiga gidan mutum sai an yi gafara an amsa. Dokar ba ta banza ba ce. Kafin a kafa ta, masu ƙarfi sukan faɗa gidan talaka su ce taimako suka kawo, su fita da akuyarsa. Rannan wasu 'yan'uwa biyu suka kaure da faɗa a kan rumbun da ubansu ya bari, har ɗaya ya cinna wa gidan wuta. Maƙwabta suka taru a ƙofa suna ta gafara. Wan ya ce a shigo, ƙanen ya ce duk wanda ya sa ƙafa zai sare shi. Ana cikin haka ana jin kukan yara daga ciki. Sai wani saurayi masaƙi, Tanko, ya zagaya baya ya haura katanga. Ya fito da yaro, ya koma ya fito da yarinya, ya koma ya goyo wata tsohuwa. Da ya sake dirowa cikin hayaƙi, ƙafarsa ta sauka a kan wani ƙunshin zane a gindin katanga. Ashe wata uwa ce ta kwantar da jaririnta a nan don ya yi nesa da wuta. Tanko ya ji abin da ya taka, ya kuma san mene ne. Ya wuce ciki duk da haka don akwai sauran mai kuka, rufin ɗaki ya rufto masa.

Da wuta ta mutu aka kwantar da Tanko a ƙarƙashin tsamiya, dattawa suka zauna shari'a. A binne shi a maƙabartar gari, ko a kai shi daji inda ake kai masu karya doka? Wasu suka ce in aka girmama shi, gobe kowane ƙato zai haura katangar maƙwabcinsa ya ce hayaƙi ya hango. Wasu suka nuna yaran da ya fitar suka ce ga su nan suna numfashi.

Nan Ticha ya kasa haƙuri. Da Hausarsa ta kasuwa, wadda mace da namiji duk "kai" ne, ya kira ta uwa da yarensu ya ce, "Maame, kai ma ka sani, yaron nan ya yi daidai." Baba Ƙarami ya ce dattawan farko ne suka san abin da suke yi. Kaka ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tura itace a wuta, sannan ta ce, "Ku biyun nan, wa ya tambaye ni sunan jaririn?"

Ta ci gaba. Ta ce uwar Tanko ta zo ta wuce dattawa ba ta tsaya ba, ta je ta durƙusa a gaban uwar jaririn. Ba ta ce ɗanta ya yi daidai ba, ba ta ce ya yi laifi ba. Ta ɗebo ruwa suka yi wa gawar jaririn wanka tare. Da dattawa suka kira ta don jin ta bakinta, sai ta ce musu su ci gaba da shari'arsu, tana da amfani ga gidajen da ba su ƙone ba tukuna, ita dai tana da gawa biyu da rana take duka.

Muka tambaya wa ya yi nasara a shari'ar. Kaka ta ce har yau suna nan ƙarƙashin tsamiyar. Ba ta ce baƙuwa ta ɗauki takalmanta ba, kuma wannan ne kaɗai labarin da ta taɓa bari a buɗe. Ta juya wajen Baba Ƙarami ta ce ya sanar da liman, Juma'a mai zuwa za a yi wa Abdulai adu'a, ba kuma wanda zai yi jawabi. Ta ce wa mahaifiyata a jiƙa geron masa kashi biyu. Mahaifiyata ta fashe da kukan da ta daɗe tana riƙewa, ni ma na kama.

Ranar adu'a Ticha ne ya yi ta jigilar benci daga makarantarsu. Baba Ƙarami ya ɓuya a bayan zaure, na gan shi yana share ido da hularsa. Da aka gama karatu Kaka ta sa aka fito da manyan kwanoni biyu cike da masa, alhali ɗaya aka saba kawowa. Ta ce na farko na Abdulai ne. Liman ya tambaya na biyun da sunan wa za a yi sadakarsa. Ta ce, "Malam, ban san sunansu ba. Ka roƙa kawai, Shi ya san su." Mutane suka kalli juna, aka ɗauka baƙin ciki ne ya taɓa tsohuwa. Tun daga shekarar, duk lokacin da ranar ta zagayo, kwano biyu take toyawa.

Sai da na yi aure a unguwar Gumani na haihu, ita kuma ƙafa ta fara gagarar ta, sannan ta gaya mini dalilin kwano na biyu. Na je taya ta gadin kalwa ne, mu biyu kawai. Ta ce yammar da babana ya kore mu, abin da ya faɗa mata ke nan. Ya goya mutane a bayansa har cikin jirgin ruwa, wannan gaskiya ne. Amma kuma yana cikin masu harba babbar bindiga, kuma wata rana aka umarce su su harba cikin wata unguwa da ake harbin su daga can. Da suka shiga bayan an lafa, ya tarar da wani gida da harsashinsu ya faɗa. Mace ce da 'ya'yanta, duk sun mutu, tukunyarsu ma tana kan murhu. Ya tambayi Kaka, "Mma, Allah zai karɓe ni kuwa?" Ita kuwa abin da ta ce masa kawai shi ne ya ci tuwonsa kada ya huce. Ya koma bai ji wata amsa daga bakinta ba.

Ta ce ba ta taɓa zaton yana raye ba. Ta hana adu'ar ne don ba ta san abin da za ta roƙa masa ba, shi ya sa ta yi ta sauraron Baba Ƙarami da Ticha ko ɗayansu zai ba ta amsar da za ta iya ɗauka. Kowannensu yana da gaskiya, in ji ta, amma ba wanda gaskiyarsa ta kai gidan matar nan. Na yi kuka sosai ranar. Na ji kunyar abin da babana ya yi, na kuma ƙara son sa, kuma har yanzu ban iya raba biyun ba.

Kaka ta rasu, Ticha ya yi ritaya ya koma kudu, Baba Ƙarami ya tsufa amma bai sauya ra'ayi ba. Yanzu in an kai wa wata ƙasa yaƙi nakan ji masana a rediyo, matasa kuma a waya, suna irin gardamar tsakar gidanmu, wannan ya ce doka ta hana, wancan ya ce rai ake ceto. Ba na raina su. Na girma na ga abin da ke faruwa in kowa ya haura katanga yadda ya ga dama, na kuma san ƙanwar Ticha da jikokinta. In aka matsa mini in faɗi ko yaƙin da ya ci babana halal ne, ban sani ba. Nakan dai saurara in ji ko wani zai tambayi sunan jaririn, kuma ba kasafai nake ji ba.

Bana ina toya masar, ƙaramar 'yata ta tsaya tana kallon kwanonin. Ta san na farko na kakanta ne soja, wanda hotonsa yake rataye a ɗaki. Ta tambaya na biyun fa. Na ce na mutanen wani gida ne da ke nesa, wata mata da 'ya'yanta. Ta tambayi sunayensu, na ce ban sani ba, Kaka ma ba ta sani ba, shi kansa kakan nata bai sani ba. Sai ta ce to in ba mu yi musu ba, wa zai yi? Na ce wataƙila babu. Ta ɗauki kwanon da hannu biyu, ya yi mata nauyi, ta nufi ƙofa da shi.