Tsohuwar da ke Bangon Littafina

A gidanmu na Kawo, in an sauke tuwo ba a kashe murhu sai Inna Yalwa, kakarmu ta wajen uba, ta gama jin ɗumi. Mu jikoki mu kewaye ta, tana tura bakin itace da ƙafa, tana faɗan mun tare mata wuta. Ba ta iya lallashi ba. Wanda ya yi gyangyaɗi, ranƙwashi ne zai tashe shi.

Akwai tatsuniyar da muka fi rainawa. Wai wata mata ce uwarta ta rasu ta bar mata ƙwarya guda, tsohuwa, duk ta tsage. Ta kai wa gyartai ya ɗinke mata. Gyartai ya duba ya ga aikin da wahala, ya jefa ta wuta, ya miƙo mata sabuwa fes mai zane. Matar ta zauna bakin rumfarsa tana kuka, kasuwa ta taru ana ce mata butulu.

Muka ce, "Inna, ai riba ta ci."

Ta ce, "Ku ma 'yan kasuwar ne. Ɗinki ta kai, ba musaya ba."

Bayan rasuwarta da shekaru, ina matar aure da 'ya'ya, na tattara tatsuniyoyinta. Kamfanonin buga littattafai babu wanda ya kula ni, na ce zan buga da kaina. Na yi ta sintiri wurin wani mai ɗab'i a Doka. Yau babu wuta, gobe inji ya lalace, jibi fastar 'yan siyasa ta shigo an ture aikina gefe. Duk na haɗiye.

Saboda bangon littafin na karɓo hoton Inna a hannun Goggo, ƙanwar babana. Shi kaɗai ne hotonta a duniya, na fasfon aikin hajji, ya yi ja, gefensa ya sha ruwa. Goggo ta miƙo min tana cewa, "Ki dawo min da uwata."

Ranar da aka kawo kwalayen littafin na buɗe, sai ga wata tsohuwa a bango tana washe haƙora. Ban taɓa ganinta ba. Nan take na koma Doka.

Mai ɗab'in ya ce, "Hajiya, naki hoton ba zai fita ba, shi ne muka ɗauko wannan a intanet. Ai ta fi jan masu saye."

Na ce, "Ina nawa?"

Ya ɗaga takardu, ya leƙa ƙarƙashin tebur, ya tambayi ma'aikatansa. Ya ce yana jin an haɗa da shara.

Har yau in na tuna raina tafasa yake. Abin da ya fi ƙona ni, duk wanda na gaya wa sai ya juya littafin ya ce ai ya yi kyau, in yi haƙuri. A nan na gane kukan matar nan da muka yi wa dariya. Goggo kuwa ba ta yi faɗa ba, ta dai daina tambayata, kuma na fi son ta zage ni.

Kwanan baya na tarar da autata, wadda ba ta riski Inna ba, ta ɗauki kwafi tana nuna wa ƙawarta bangon.

Tana cewa, "Kin ga kakar mamanmu."

Na buɗe baki zan ce ba ita ba ce, sai na tuna ba ni da wadda zan nuna mata.