Zaren Mahamud da Kassim

Duk direban da ya tsufa a Damagaram ya san Mahamud Mai Zare. Garajinsa rumfar kwano ce a bakin hanyar Mirriya, aikinsa kuwa guda ɗaya ne: daidaita ƙafar mota. Ba shi da na'ura. Zare yake ja daga gaban mota zuwa bayanta, a ɗaure shi a ƙarafa biyu, a auna tazarar da ke tsakanin zaren da bakin taya. In tazarar gaban tayar da ta bayanta sun saɓa, ƙafa ta karkace ke nan.

Aikin na mutum biyu ne. Shekara talatin Mahamud yana kwance ƙarƙashin mota da kile, wato sifana, a hannu yana juya ƙarfen daidaitawa, abokinsa Kassim na tsugune da ma'auni yana cewa, "Ƙara. Ƙara. Tsaya." Sai Mahamud ya ɗaure bulon, wato notin da ke riƙe ƙarfen, shi ke nan. Suna dai na Mahamud ne, kuma bai taɓa jin kunyar cinye shi shi kaɗai ba. Yakan ce riƙon ma'auni ko akuya aka ba ta za ta iya. Kassim sai ya yi dariya ya zuba shayi.

Bara da damina Kassim ya rasu. Tun daga nan Mahamud bai sake warware zaren ba. Masu motoci suka koma sabon garaji mai na'ura, shi kuma yana zama a benci tun safe, rabin bencin ba kowa. Kewa ta dame shi, amma ba mai faɗa wa kowa ba ne.

Ranar wata Talata da hantsi Adam, ɗan kasuwa ɗan unguwar Birni, ya shigo da jar mota mai kujera biyu, irin ta tsere, cikinta kamar ya taɓa ƙasa.

"Baba, ƙafar baya ce," in ji shi. "Na faɗa rami wajen garin Dogo, tun daga nan tafiyar kare take yi, gindi gefe guda. Masu na'ura sun ce ba ta hawa gadar da suke ɗora mota, cikinta na gogawa."

Mahamud ya so ya ce a'a. Amma in ya ce a'a, ya amsa da bakinsa cewa aikinsa ya bi Kassim kabari. Ya ce a dawo bayan la'asar.

Ya hau da tayoyinta kan katakai don ya samu wurin shiga, ya ja zare, ya shiga ƙarƙashi, ya juya, ya fito da rarrafe ya auna, ya koma. Gwiwa na ciwo, baya na ciwo. Sau ɗaya ma ya manta ya ce, "Yaya, Kassim?" ya kwanta yana jiran amsa. Da ma'auni ya nuna daidai ya ɗaure bulon, ya fito ya sake dubawa: ƙafar ta wuce da kaurin ashana. Ya kwance, ya sake. Ta kuma wucewa. Na uku ma haka, gefe ɗaya, kauri ɗaya.

Ya zauna a ƙasa yana duban hannunsa, can ya gane. Hannunsa ne mai nauyi, duk ɗaurin da ya yi sai ya ja ƙarfen gaba kaɗan. Ashe shekara talatin Kassim yana cewa "tsaya" tun ba a kai ba, yana bar wa hannun nan wuri, bai kuwa taɓa gaya masa ba.

Ya koma ƙarƙashi, ya tsaya saura kaurin ashana, ya ɗaure. Ta zauna cif.

Adam ya zo, ya kai ta kusa da Mirriya ya dawo yana washe baki.

"Baba, wallahi hannunka babu irinsa a garin nan."

"Ba hannuna ba ne," in ji Mahamud. "Akwai wani abokina, Kassim, shi ne..."

Adam ya riga ya taka mai. Ƙarar injin ta cinye sauran maganar, ya ɗaga hannu ya hau titi.

Mahamud ya kwance zaren daga ƙarfen baya, ya taka ya je ya kwance na gaba da kansa. Ya zauna a gefensa na benci yana naɗewa, ya ƙarasa maganar a hankali.